Haƙƙin Maƙwabci a Kan Mai Gona: Yadda Ƙayar Ofantiya Ta Gagari Dokar Ostareliya

Ciyawa ba ta san iyakar gona ba. Manomin da ya yi noman fari a kan kari, ya koma ya yi maimai, yana iya wayar gari ya tarar wahalarsa ta tafi a banza saboda an bar gonar da ke kusa da tasa ta zama saura, iska da ruwa da tsuntsaye suna kwaso irin abin da ya tsiro a cikinta suna watsa masa. Daga wannan matsala aka sami wani reshe na shari'a da ba a cika kula da shi ba, wato dokokin da suke ɗora wa mai fili nauyin kashe mugun tsiro a cikin filinsa, ko da shi kansa tsiron bai dame shi ba. Dokoki ne masu ban mamaki idan aka dube su da kyau. A bisa al'ada shari'a takan kama mutum da abin da ya aikata, su kuwa waɗannan suna kama shi da abin da ya bari ya tsiro.

Ba jiya aka fara irin wannan doka ba. A ƙasar Sikotlan akwai wata da ake jingina wa Sarki Alizanda na Biyu, wanda ya yi mulki daga 1214 zuwa 1249, a kan wani haki mai rawayan fure da yake shaƙe hatsi, wanda mutanen wurin suke kira guld. Dokar ta ɗauki manomin da ya bar hakin nan ya yaɗu a gonar ubangidansa tamkar wanda ya jawo rundunar abokan gaba cikin ƙasa, ta kuma yanka tarar tunkiya ɗaya a kan kowane tushe da aka samu. A Faransa an ruwaito cewa mahukuntan birnin Rouen sun ba da umarni a 1660 a tumɓuke wata 'yar bishiya mai ƙaya da ake kira barberi, domin manoma sun lura cewa alkamar da ke kusa da ita takan kamu da cutar tsatsa. Turawan da suka zauna a Amurka suka bi sahu, yankin Connecticut ya yi tasa dokar a 1726, na Massachusetts a 1755. Sai a 1865 masanin tsirrai ɗan Jamus, Anton de Bary, ya tabbatar da cewa lallai cutar tana yin wani zango na rayuwarta a jikin barberi kafin ta koma kan alkama. Idon manomi ya riga binciken masana da shekara wajen 200.

A ƙarni na 19 dokokin suka bi Turawa zuwa ƙasashen da suka mamaye, musamman inda arziki ya rataya a kan gashin tumaki. A yankin Kef na Afirka ta Kudu an yi doka a 1861 a kan wani tsiro mai 'ya'ya masu maƙalewa a jikin tumaki kamar ƙarangiya, suna karya farashin ulu. Tarar da aka riƙa cin masu filaye ta yi suna har ta zama sunan tsiron, domin a harshen Afirkans ana kiransa boetebos, ma'ana tsiron tara. A Ostareliya ma, tun cikin shekarun 1850 yankunan Ostareliya ta Kudu da Biktoriya suka yi dokoki a kan wata ciyawa mai ƙaya da ta biyo baƙi daga Turai. Tsarin dokokin kusan ɗaya ne ko'ina. Hukuma ta ayyana tsiro a matsayin mai cutarwa, sufeto ya zaga ya gan shi a filin wani, a ba mai filin takardar gargaɗi da wa'adi, idan wa'adi ya cika bai share ba a ci shi tara, ko hukuma ta sa a yi aikin ta bi shi kuɗin.

Duk waɗannan dokoki sun ginu a kan wani zato da ba a rubuta shi a cikinsu ba, domin ba wanda ya ga bukatar rubuta shi: cewa ƙarfin mai gona da iyalinsa da 'yan ƙodagonsa ya isa ya share gonarsa, kuma gonar ta fi kuɗin sharewar daraja. Muddin haka ne, wanda ya bar mugun tsiro ko dai malalaci ne ko mai taurin kai, tara kuwa maganin duka biyun ce. A ƙananan gonakin Turai zaton ya zauna daidai. A makeken dajin gabashin Ostareliya ne aka ga abin da yake samun doka idan zaton ya rushe.

Zuwan ofantiya

Ofantiya suna ne na wani rukunin tsirrai dangin kaktus, 'yan asalin nahiyar Amurka. Ba ta da ganye irin na sauran itatuwa. Jikinta falle-falle ne masu kauri, kowane kamar tafin hannu ko ɗan faifai, wani a kan wani, cike da ruwa. Tana da manyan ƙayoyi, a gindinsu kuma akwai wasu ƙanana kamar ƙaiƙayi, masu shiga fata su ƙi fita. Wanda ya san shingen ƙerana zai iya kwatanta ta a ransa, ko da yake ba dangi ɗaya ba ne. Abu biyu suka sa ta zama abin tsoro. 'Ya'yanta suna da zaƙi, tsuntsaye da dabbobi suna cinsu, ƙwayar irin kuwa tana da tauri, tana fita cikin kashi lafiya lau ta tsiro inda ta faɗi. Sannan kowane falle da ya karye ya taɓa ƙasa yakan yi saiwa ya zama sabon tushe, ko da ya yi watanni a yashe a rana. Saboda haka mai saran ta da adda shuka ta yake yi.

Jiragen farko da suka kai Turawan Ingila Ostareliya a 1788, ƙarƙashin Kyaftin Arthur Phillip, sun yada zango a Rio de Janeiro ta ƙasar Burazil, suka ɗauko ofantiya tare da wani ɗan ƙwaro mai suna koshinil da yake rayuwa a jikinta, wanda ake busarwa a niƙa a sami jan rini mai tsada. A lokacin Sifaniya ce take riƙe da kasuwar rinin, Ingila kuwa tana son nata. Sana'ar ba ta yi nisa ba, kuma irin da suka kawo ba shi ya zama babbar annoba ba. Wadda ta cinye ƙasar wata 'yar'uwarta ce da ta shigo daga baya. An ruwaito cewa a 1839 an kai tushe ɗaya cikin tukunyar fure daga Sidni zuwa garin Scone a yankin Niyu Sawut Wels, daga nan aka riƙa yankar falle ana yi wa abokan arziki kyauta. Kafin 1850 ta isa filayen Darling Downs a arewa, ƙasar da daga baya ta zama Kwinsland.

Babu wanda ya shuka ta da mugun nufi. Mai gida yana son shingen da zai hana shanu shiga lambunsa, uwargida tana son 'ya'yan don haɗa abin shafa wa burodi, makiyayi yana son abin da zai ba dabbobinsa ranar da fari ya ƙone ciyawa. Abin da ba su lura da shi ba shi ne, an kawo tsiron an baro maƙiyansa. A gida Amurka akwai ƙwari da cututtuka masu yawa da suke cin ofantiya su hana ta wuce gona da iri. A Ostareliya ba ta tarar da ko ɗaya ba, ta tarar da ƙasa mai zafi da sarari, da hankaki, da tsuntsun emu ɗan'uwan jimina, wanda yake haɗiye 'ya'yanta ya yi tafiya mai nisa kafin ya zubar da irin. Ambaliyar 1893 ta kwashi fallayen ta raba wa kwaruruka. Babban farin da ya tsananta a 1902 ya cika aikin, domin makiyaya sun riƙa saro ta suna babbake ƙayar suna ba shanu, ragowar da kashin shanun suka zama sabuwar shuka a filayen da fari ya riga ya share mata.

A 1900 ta rufe hekta wajen miliyan 4. A 1925 ta kai hekta miliyan 24, wato kwatankwacin faɗin ƙasar Gana baki ɗaya, tana ƙara fiye da hekta 1,000 a kowace rana. Kusan rabin wannan fili ya cushe ta yadda mutum ko doki ba ya iya ratsawa, ƙaya ta kai ƙirji, wani wuri ta wuce kai, sai 'yan siraran hanyoyin da ake sarewa kullum don kada su rufe.

Abin da doka ta ce, da abin da lissafi ya ce

Hukuma ba ta yi barci ba. Tun a 1886 majalisar Niyu Sawut Wels ta yi dokar hallaka ofantiya, wadda ta ɗora nauyin kashe ta a kan mai fili da wanda yake zaune a kansa, ta kuma tanadi sufetocin da za su bi sawu. Kwinsland ita ma ta sa ta cikin jerin miyagun tsirrai kafin ƙarnin ya ƙare, ta ba ƙananan hukumomi ikon tilasta wa mutane. A kan takarda ba abin da ya rage. Amma shekara 40 da suka biyo baya su ne shekarun da ƙayar ta fi bunƙasa, kuma dalilan haka sun cancanci a tsaya a kansu, domin su ne zuciyar wannan tarihi.

Dalili na farko lissafi ne. Share eka ɗaya ta Ingilishi, wadda ba ta cika rabin hekta ba, a inda ƙayar ta cushe yana cin kimanin fam 10, alhali darajar ekar kanta ba ta wuce sule 5 zuwa 30 ba. Fam ɗaya sule 20 ne. Ke nan a wuri mafi kyau mutum zai kashe fiye da ninki shida na kuɗin filinsa don ya cece shi, a wuri mafi muni kuwa ninki 40. Filayen kuma ba irin gonakin da magidanci yake nomewa da fartanya ba ne. Makiyaya ce ta dubban eka a hannun iyali ɗaya, domin ƙasar ba ta ɗaukar dabbobi da yawa a ɗan wuri. Ga wanda yake cikin wannan hali, tarar alƙali ta fi aikin araha nesa ba kusa ba, barin filin kuwa ya fi duka biyun.

Kuma aikin da kansa azaba ne. Tumɓuke tushe a tara a ƙona yana bukatar itace mai yawa, domin jikin ofantiya kusan duk ruwa ne, ba ta kama wuta da kanta. An ƙera manyan gungumen da shanu suke ja don murƙushe ta, sai gutsattsarin suka tsiro fiye da da. Daga nan aka koma ga guba. A 1912 gwamnatin Kwinsland ta buɗe tashar gwaji a Dulacca ƙarƙashin Dakta Jean White, masaniyar tsirrai daga Melbon, wadda ta shafe shekara 4 a tsakiyar ƙayar tana gwada magunguna, har ta tabbatar da cewa wani nau'in gubar asanik ya fi sauran aiki. Mutane suka riƙa fesa shi ko tsira shi cikin fallayen da wani ƙarfe mai tsini. Wani haɗin da ya yi kasuwa an gauraya asanik ɗin da asid irin na batirin mota, yana cinye tufafi da takalma, yana yi wa masu aikin gyambo. Yaƙin Duniya na Farko ya sa asanik ya yi wuya ya yi tsada, har gwamnatin Kwinsland ta buɗe mahaƙarta ta kanta a Jibbinbar. Guba tana kashe ƙayar, ba shakka. Kwalliya ce dai ba ta biyan kuɗin sabulu. Tun a 1901 gwamnati ta sa ladan fam 5,000 ga duk wanda ya gano hanya mai sauƙi, a 1907 ta ninka shi zuwa fam 10,000, kuma ba wanda ya karɓa.

Dalili na biyu ya fi na farko ɗaci, domin ya shafi mai dokar kansa. Kalmar "mai fili" a wannan ƙasa tana da tarihi. Mutanen asali, waɗanda suka zauna a wurin dubban shekaru, an riga an raba su da ƙasarsu, aka mayar da ita mallakar Sarautar Ingila, ita kuma take sayarwa ko ba da haya ga baƙi. A Kwinsland galibin makiyaya 'yan haya ne, gwamnati ce uwar gida. Bayan filayen haya akwai dazuzzukan da ba a ba kowa ba, da gefen hanyoyi, da burtalai masu ɗaruruwan kilomita da ake kora garke ta cikinsu zuwa kasuwa. Waɗannan duk suna hannun hukuma, kuma a cikinsu ƙayar ta yi sansani. Mutum zai kashe abin da ya mallaka ya share nasa, tsuntsu ya tashi daga dajin gwamnati da ke bayan shingensa ya sake shuka masa. Masu filaye sun yi ta kukan cewa babban mai laifi shi ne mai aiko sufeto, kuma da gaskiyarsu. Ƙananan hukumomin da aka ba bulalar kuwa masu filaye ne suke zaɓensu, masu filaye ne a cikinsu, kowa da ƙaya a bayan gidansa. Da wuya a sami wanda zai fara aika wa maƙwabcinsa sammaci.

Idan aka haɗa dalilan biyu sai a ga yadda dokar ta juya ta zama mai taimakon abin da aka yi ta dominsa. A matsa wa ɗan haya, ya lissafa ya ga ba riba, ya mayar da takardar hayar ya ɗaure kayansa. Filin ya koma hannun gwamnati, inda ba mai saran ko tushe ɗaya. Cikin 'yan shekaru ya cika ya tumbatsa, ya zama rumbun iri ga na kusa da shi, shi ma ya bi sahun na farko. Hotunan da aka ɗauka a yankin Chinchilla a wancan zamani suna nuna gidajen katako da aka gudu aka bari, ƙaya ta kewaye su har bakin taga.

Gwamnati ta gwada lallashi. Daga 1901 Kwinsland ta ƙirƙiro wani nau'in mallaka na musamman, a ba mutum filin da ƙaya ta kama a kan kuɗi kaɗan ko ma kyauta, da sharaɗin ya share wani kaso kowace shekara ya kuma hana ta dawowa. Talakawan da ba su da hanyar samun ƙasa sai wannan suka karɓa da murna. Da yawansu sun ci amfanin ƙuruciyarsu a sara da fesa, suka kasa cika sharaɗin, filin ya suɓuce. Akwai kuma masu ganin bai kamata ma a kashe ta ba, a nemi yadda za a ci moriyarta, aka yi ta gwada yin takarda da barasa da abincin dabbobi daga jikinta, ba wanda ya tsaya da ƙafarsa.

Sai a 1923, bayan wani kwamitin bincike, Kwinsland ta yi sabuwar doka da ta kafa hukumar kula da filayen ƙaya a 1924. Wannan hukuma ta yarda da abin da manoma suka daɗe da sani, cewa inda ƙayar ta cushe ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Ta sassauta kuɗin haya da sharuɗɗa, ta samar da guba da araha, ta mayar da ƙarfin tilastawa kan filayen da ƙayar ta fara ɓullowa jefi-jefi, inda aikin mai fili zai iya tare ta. Wannan hankali ne, ko da ya zo a makare. Abin da ba hankali ba shi ne ladan da aka sa a kan tsuntsaye, inda tsakanin 1926 da 1928 aka kashe emu fiye da 120,000 aka kuma fasa ƙwansu fiye da 100,000. An bar jaki ana dukan taiki, domin ko da an ƙarar da emu ƙayar tana da shanu da ruwa da fallayenta.

Ƙwaron Ajantina

Tunanin nemo wa ofantiya maƙiyanta na gida ya girmi nasararsa. A 1912 Kwinsland ta tura masana biyu, Harvey Johnston da Henry Tryon, suka zaga ƙasashen da tsiron yake har zuwa 1914. Daga Indiya da tsibirin Silon suka kawo wani nau'in koshinil da ya hallaka ɗaya daga cikin ƙananan irin ofantiya cikin 'yan shekaru, amma bai taɓa babbar annobar ba, domin kowane ƙwaro da irin da yake ci. Sun kuma zo da tsutsar wani ƙwaro daga Ajantina, ta mutu kafin ta hayayyafa. Yaƙi ya dakatar da aikin.

A 1920 gwamnatin tarayya da jihohin biyu suka haɗa kuɗi suka kafa hukumar haɗin gwiwa, ta tura masana ƙwari Amurka da Meksiko da Ajantina. An shigo da nau'in ƙwari kusan 50, kuma kafin a saki kowane sai an tsare shi da amfanin gona iri-iri ba tare da ofantiya ba, a ga ko yunwa za ta sa ya ci. Wanda ya gwammace mutuwa da cin wani abu shi ake yarda da shi. Wannan taka-tsantsan yana da dalili, ƙasar da ta sha wuyar zomo da ƙaya ba ta bukatar baƙo na uku.

A farkon 1925 Alan Dodd, matashin masanin ƙwari ɗan Kwinsland, ya aiko da ƙwai da ba su cika 3,000 ba daga yankin Concordia na Ajantina. Na ƙwaron nan ne da ya mutu a hannun Johnston da Tryon, mai suna kaktobilastis, ɗan ƙaramin dangin malam-buɗe-littafi mai launin ƙasa da yake yawo da dare. Macen tana jera ƙwanta ɗaya a kan ɗaya har su zama ɗan tsinke mai kama da ƙayar tsiron, ta manna shi a jikin falle. Idan suka ƙyanƙyashe, tsutsotsin, masu ruwan goro da baƙin zane, sukan huda falle su shiga tare, su cinye cikinsa, su wuce na gaba, ruɓa ta biyo bayansu ta ƙarasa abin da suka bari. An rene su a Birisben da Chinchilla, aka fara sakinsu a 1926. Cikin shekaru kaɗan aka raba ƙwai fiye da biliyan 2, wasu ma'aikatan hukuma suka bi daji da motoci suna mannawa, wasu aka aika wa masu filaye kyauta a cikin kwalaye. Mutumin da dokar 1886 ta ce ya tumɓuke dubban eka da hannunsa, yanzu abin da ake nema gare shi ya ɗauki ɗan tsinken ƙwai a cikin takarda ya soke a jikin falle.

Abin da ya biyo baya ya ba masanan kansu mamaki. Daga 1930 dazuzzukan ƙaya suka riƙa zubewa suna zama ruɓaɓɓen tsibi, kilomita bayan kilomita, har a 1933 babban dajinta na ƙarshe a Kwinsland ya faɗi. Da abinci ya ƙare ƙwarin suka mutu da yawa, ƙayar ta sake tohowa daga saiwa, hankalin mutane ya tashi, sai ƙwarin suka sake yawaita suka bi ta. Tun daga nan aka zauna a haka, ƙaya kaɗan, ƙwaro kaɗan, kowane yana riƙe da ɗan'uwansa. Filayen da aka gudu aka bari suka koma makiyaya da gonakin alkama. Mutanen Boonarga, kusa da Chinchilla, suka gina zauren taro a 1936 suka sa masa sunan ƙwaron, kuma yana nan har yau. A Dalby ma an kafa masa dutsen tunawa a 1965.

Labarin ƙwaron bai tsaya a nan ba. An kai shi Afirka ta Kudu a 1933, aka kai shi tsibirin Nevis na yankin Karibiyan a 1957, daga tsibiran nan ya bi ya isa Filorida a 1989. A can ofantiya 'yar gida ce, a Meksiko kuwa abinci ce da ake nomawa, har hotonta yana kan tutar ƙasar. Wanda aka gina wa zaure a Boonarga shi ne aka yi wa gangamin kashewa da ya ɓulla a tsibirin Isla Mujeres na Meksiko a 2006.

Nauyin da ya rage a kan mai fili

Faɗuwar ƙayar ba ta soke wajibin mai fili ba. Ƙwaron ba ya aiki sosai a wurare masu sanyi na kudancin Niyu Sawut Wels, kuma akwai wasu nau'in kaktus da bai dame su ba, don haka sufeto da takardar gargaɗi suka ci gaba. Abin da ya sauya shi ne yadda ake auna wajibin. Dokar kare ƙasa daga annobar tsirrai da dabbobi da Kwinsland ta yi a 2014, da takwararta ta Niyu Sawut Wels ta 2015, ba su tsaya ga cewa mai fili ya hallaka kowane tushe ko a ci shi tara ba. Sun ɗora wa duk wanda ya sani, ko ya kamata ya sani, cewa abin da ke hannunsa yana iya cutar da wasu, nauyin ɗaukar matakin da hankali zai karɓa kuma yake iya yiwuwa don hana cutar ko rage ta. Nauyin ya hau kan manomi da ɗan haya da mai jigilar ciyawar dabbobi, ya kuma hau kan hukumomin da suke riƙe da filayen gwamnati. Inda tsiro sabon shigowa ne, ana neman a kawar da shi ɗungurungum tun bai yi ƙarfi ba. Inda ya riga ya zama ɗan gari, abin da ake nema shi ne a hana shi ƙetare iyaka zuwa ga maƙwabci.

A Kwinsland ta yau, ofantiyar da ta cinye hekta miliyan 24 tana cikin jerin tsirran da doka ta hana a sayar, ko a bayar kyauta, ko a yar a daji, ko da falle ɗaya ne a cikin tukunyar fure. Nau'i ɗaya aka keɓe daga haramcin, wanda ake nomawa a lambu saboda 'ya'yansa.